Kwarkwata Mai Girman Akuya

Ku masu koyon kitso, ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Tun safe nake jin ku kuna cewa kitson yara ba aiki ba ne, wai kai ɗan ƙarami, gashi ɗan kaɗan, kafin shayi ya huce an gama. Wadda ta faɗi haka ba ta taɓa sa kan 'yar shekara huɗu tsakanin gwiwoyinta ba. Babbar mace ita ke kawo kanta, ta san abin da take so, in kin ja mata gashi sai ta cije leɓe saboda bikin da ke gabanta. Yarinya kuwa kawo ta aka yi. Ba ta da wanda take son burgewa, kuma a ganinta duk Anguwan Rogo ba ta da maƙiyiya kamar ke.

Kayan aikin ba su da yawa, kun gan su. Kibiyar tsaga, kum babba da ƙarami, man kitso, kujera 'yar tsugunno, tsumma mai tsabta a kafaɗa, sai butar ƙarfe da nake tafasa kum a ciki duk lokacin da na gama kai ɗaya. Wannan duk a kasuwa ake saye. Abin da ba a sayarwa shi ne yadda za ki sa kan yarinya ya tsaya wuri ɗaya na awa biyu ba tare da kin dake ta ba.

Ni a Dutse Uku na koya, wajen Iya Sikira, wata Bayarbiya da aure ya kawo Jos tun tana budurwa. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, duk layinmu mutum biyu ke da ita. Iya Sikira ta shekara talatin a garin nan amma Hausarta ba ta san mace ba, kowa a bakinta namiji ne. Wata shida na yi ina tsifa da wankin kai da tafasa kum kafin ta yarda na taɓa kan mutum da kibiya.

Kan farko da ta ba ni na wata 'yar shekara biyar ne, shuku za a yi mata. Na ce a raina ai na san dabara, sai na fara ba ta tatsuniya. Yarinya ta yi shiru, na ji daɗi. Ashe duk lokacin da labarin ya yi daɗi sai ta waiwayo ta kalli bakina. In mayar da kan, ta sake waiwayowa. Da na gama, tsagar ta fito kamar hanyar Hawan Kibo, kwana nan kwana can. Uwar ta zo ta duba, ta ce, “Wannan sabon yayi ne?”

Iya Sikira ta jira suka fita, sannan ta ce, “Hajo, kai ba ka da hankali ne? In kai ka ba yaro labari, yaro zai juya ya duba bakinka. Bari shi ya ba ka. Mai ba da labari gaba yake kallo.”

Na ce, “To Iya, in ba ta da labarin fa?”

Ta ce, “Kowane yaro yana da shi. Amma kafin ka sa kibiya, tambaye shi wanene yana ba shi labari a gida. Yadda ana ba shi, haka zai ba ka, har da kai, har da hannu.”

Sai da na buɗe nawa wurin a zauren gidanmu a nan Anguwan Rogo na gane abin da take nufi. Yarinyar da uwarta ke sa waƙa a cikin tatsuniya, ita ma in ta kai wurin waƙar sai kai ya fara rangaji, dole ki ɗaga hannu ki shafa mai har ta gama amshi. Wadda ubanta ke yi wa labari da raɗa don ya tsorata ta, ita ma ƙasa take yi da kai tana raɗa, wannan ƙeya za ki fara yi mata. Akwai kuma 'yan gidan da ba mai ba su labari sai bidiyo. Su labarinsu ba kai ba gindi: “Sai ya zo, sai ya mare shi, sai ta yi kuka, sai aka yi waƙa.” Ba ki san wa ya zo ba, ba ki san wa aka mara ba, kuma cikin minti biyu ya ƙare, sai kukan gaske ya biyo baya. Irin waɗannan ke za ki riƙa tallafa musu da tambaya, wane ne shi, a ina, sai kuma me, har su koyi jan zaren da kansu.

Cikin duk yaran da suka zauna mini, biyu ne ba zan manta ba, kuma tare suke zuwa kowace Asabar don gidajensu na jere. Ɗaya Fa'iza, ɗaya Ummita, dukansu ba su wuce shekara shida ba.

Fa'iza 'yar Anti Rabi ce, ma'aikaciyar jinya. Anti Rabi ba ta iya tatsuniyar dodanni ba. Ita labarinta shi ne abin da ya faru jiya, kuma ba ta bayar da shi ita kaɗai. Za ta fara, sai ta tsaya ta ce, “Ina muka je? Wa muka fara gani? Sai ya ce me?” Yarinya ta tashi da wannan. In Fa'iza za ta ba ki labari, da rana take farawa.

“Anti, ranar Talata da muka dawo daga makaranta, Mama ta aike ni sayen magi. Da na je, mai shagon yana salla. Sai na jira. Da ya idar, sai ya ce ina gaisuwa. Sai na gaishe shi.”

Haka za ta bi shi tiryan-tiryan, ba ta tsallake ko tari. Kanta kuwa a miƙe kamar an dasa. Nakan yi mata kalaba ƙanana har in gama ba ta motsa ba. Matsalarta ɗaya ce, ba ta san akwai abin da ake bari a ciki ba.

Ummita kuwa 'yar Malam Sale ce, direban tifa mai ɗauko yashi daga wajen Naraguta. Duk layin an san shi. In ya dawo da la'asar ya ajiye mota, sai ya zauna a dakali ya ɗora Ummita a cinya, yara su kewaye shi. A labarin Malam Sale ba ƙaramin abu. Kifin da ya gani a kududdufin da aka haƙi kuza ya haɗiye masa safayar taya. Sanyin da aka yi wata shekara, in ka yi magana sai kalmomin su daskare, sai rana ta fito ake jin abin da ka ce. Kuma da jiki yake bayarwa, yana tashi yana zama, yana burki da ƙafa. Ummita ta kwashe shi kaf, har da yadda yake gyaran murya.

Kitson Ummita sai da lissafi. Farkon labarinta a hankali yake tafiya, to a nan za ki yi sauri ki kama layi biyu ko uku. Da zarar kin ji ta ce, “Wallahi Anti, kafin in juya,” ki ɗaga hannuwanki sama ki janye kibiya, don kan nan zai juya da gaske. Sau ɗaya na yi jinkiri, ta kai mini karo a haɓa, na kwana biyu ina shan koko da cokali.

Shekarar da ta fi ba ni wahala a sana'ar nan, ba tsadar kaya ce ta jawo ta ba, ba kuma wata makitsiya ce ta ƙwace mini mutane ba. Saura kamar wata ɗaya babbar Salla, wata Asabar, Maman Ummita ta kawo ta bayan sun dawo daga hutu a ƙauye. Fa'iza na zaune a tabarma tana jiran layi. Ina fara tsifa na ga abin yana tafiya. Na sa ƙaramin kum na taje, guda uku suka fito.

Wannan ba abin mamaki ba ne. Duk makitsiyar da ta ce ba ta taɓa ganin kwarkwata ba, kan 'yar tsana take yi. Na ja uwar gefe na gaya mata a hankali, na faɗa mata maganin da za ta sayo da yadda za ta wanke matashi da hijabi. Matar nan ta kama hannuna ta ce, “Don Allah Hajo, ki rufa mini asiri. In dangin babanta suka ji, sun samu abin faɗa har baɗi.” Na kwantar mata da hankali, na ce ba mai ji.

Kuskurena shi ne da Ummita ta ce, “Anti mene ne?” sai na nuna mata. Na miƙa mata kum ɗin da ɗaya a kai tana motsi, na ce, “Kwarkwata ce,” na murƙushe ta da farce. Yarinya ba ta ga inda ta fito ba. A kan kum ta gan ta.

Da la'asar ta ba babanta labari. Shi kuma, maimakon ya tambayi daga ina, sai ya ce ai wannan ba komai ba ce, shi ya taɓa ganin wadda ake ɗaure ta da igiya. Washegari Ummita ta kai labarin Islamiyya da gyaran da aka yi masa. Kafin Laraba, kwarkwatar da ke zaune a cikin kum ɗin Anti Hajo ta kai girman akuya, tana da ƙaho, kuma ni nake ba ta dusa.

Yara suka kai gida. Su kuma iyaye mata, da yake manya ne masu hankali, sai suka cire akuyar da ƙahon suka yar, suka riƙe sauran: akwai kwarkwata a kum ɗin Hajo.

Asabar ta zagayo, na share zaure, na tafasa kum, na zauna. Ba kowa sai Fa'iza. Ummita ma uwarta ta ɓoye ta don kunya. Wadda ta fi ba ni ciwo Hajiya Turai ce, babbar kwastomata, mai 'ya'ya mata biyar, ga kuma tsohon ciki. Ita kaɗai in ta turo yaran gidanta sai na wuni ina aiki. Sai ga su na hango an jera su a kan acaɓa biyu an nufi wani salun a cikin gari. Matan layi in za su wuce ƙofarmu sai su ƙara ɗaure ɗankwali, kamar abin zai yi tsalle daga zaure ya kama su. Wata ma ta aiko a karɓo mata roba biyu na ɗaure gashi da ta manta a wurina, ta ce a zuba su a leda.

Mako uku hannuna ba aiki. Hannun makitsiya kuwa ba ya iya zama. Na kitse gezar darduma, na kitse igiyar shanya, na kitse gashin masarar da aka sayo za a gasa. Wata rana maigidana yana cin abinci ya ɗago ya ga yadda nake kallon gemunsa, sai ya ɗauki kwanonsa ya koma waje.

Da na buɗe baki sau ɗaya na ce a kan wance na samu, da magana ta mutu. Amma ku riƙe wannan: mace in ta kwance miki ɗankwali, ta nuna miki abin da ko ƙawarta ba ta gani. Wata sanƙo ne a tsakiya, wata furfura, wata tabon da ba ta son a tambaya. In kin faɗi na mutum ɗaya, sauran za su ɗauke nasu su gudu.

Na hau mota na je Dutse Uku na kai wa Iya Sikira kuka. Ta saurare ni tana tsifar wata mata, da na kai wurin dusa sai ta yi dariya har ta saki gashin.

Ta ce, “Su matan, sun ji labarin daga bakin yaron?”

Na ce, “A'a, daga bakin 'ya'yansu.”

Ta ce, “To rabi suka ji. Je ka nemo yaron, ka sa shi ya faɗa duka a gabansu. Kada ka hana shi ko ɗaya.”

Ana haka Hajiya Turai ta haihu, mace ta shida. Ranar suna duk matan layi suka taru a tsakar gidanta bayan azahar. Ba wadda ta aiko mini, amma suna ba ya buƙatar kati. Na sayi sabulu da 'yar riga, na yafa gyalena na shiga. Na yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Tabarmar da na zauna, cikin minti ɗaya ta zama tawa ni kaɗai, ga wuri ya yi ƙunci har wasu na tsaye.

Na hango Ummita a bakin rijiya tana cin cincin. Na kira ta da ƙarfi yadda kowa zai ji.

“Ummita, zo ki ba mu labarin kwarkwatar nan. An ce kin iya, ni kuma ban taɓa ji ba.”

Uwarta ta zaro ido tana girgiza mini kai. Na yi kamar ban gani ba. Ummita ta zo tsakiya, ta miƙa wa wata cincin ɗinta ta riƙe mata, ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya irin ta mai shekara hamsin.

“Ranar nan ina zaune lafiya lau a wurin Anti. Ba iska, ba komai. Sai na ji kum yana nishi. Na ce Anti kum ɗinki yana nishi. Ta ce yi shiru, barci take. Wallahi kafin in juya,” sai ta juya har ɗankwalinta ya faɗi, “sai ga ƙaho! Sai ga kai! Sai ga ƙafa shida, kowace da kofato! Ta diro ƙasa, dim! Ta dube ni, na dube ta. Ta ce mee. Ta cinye man kitson Anti har da gwangwanin. Ta fita waje ta tunkuyi mai rake. Mai rake ya faɗa kan mai acaɓa. Mai acaɓa ya ce wa ya saki akuya, aka ce ba akuya ba ce, ta Anti Hajo ce.”

Tun daga nan wasu suka fara rufe baki da gyale. Ummita ba ta kula ba, ta riga ta hau mota.

“Sai ga Baba da tifa. Ya taka burki, ƙiiii! Ya ce ku matsa, na san irinsu. Shi da mutum goma suka ɗora ta a baya, mota ta ƙi hawa tudu saboda nauyi, sai da aka sa giya ɗaya. Da suka kai Naraguta ya ɗaga bodi ya juye ta a kududdufi. Sai kifin nan da ya cinye tayar Baba ya fito ya haɗiye ta. Tun daga ranar kifin yake susa.”

Wata tsohuwa da ke kusa da mai jego ta tafa hannu ta ce, “La ilaha illallahu, wannan ai Sale ne! Sale ne da ɗankwali!”

Gida ya ɓarke. Masu rabon shinkafa suka ajiye faranti suna riƙe ciki. Wata ta ce ita ma ai an ba ta labarin kifin, amma a nata injin ya haɗiye. Na ga tabarmata ta fara cika, na ce a raina shi ke nan, na tsira.

Sai Hajiya Turai, daga kan katifarta a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu. Ita ba ta yi dariya ba.

Ta ce, “To, akuya dai mun ji, ta Sale ce. Amma yaro ba ya ƙirƙiro abu daga iska. Hajo, tsakaninki da Allah, an ga kwarkwata a wurinki ko ba a gani ba?”

 Maman Ummita ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta. In na ce ba a gani ba na yi ƙarya a gidan suna, in na ce an gani sai a ce a kan wa. Kafin in buɗe baki, sai wata 'yar murya ta fito daga bayan turmi.

“Ni ina wurin.”

Fa'iza ce, da loma a bakinta. Uwarta Anti Rabi tana gefe, kuma abin da ta saba yi kullum a gida shi ya kuɓuce mata. Ba ta san lokacin da ta ce, “Yaushe?” ba.

Fa'iza ta haɗiye lomar ta miƙe. “Ranar Asabar, bayan su Ummita sun dawo daga ƙauye. Ummita ce farko, ni ce ta biyu. Anti ta tsefe mata kai. Sai ta taje da ƙaramin kum. Sai guda uku suka fito daga kan Ummita. Ba su da ƙaho. Anti ta kashe su. Sai ta sa kum ɗin a buta ta tafasa. Ni da wani kum ta yi mini, ja.”

Matan suka ce, “Ayyo!” Maman Ummita ta ja gyale ta rufe fuska gaba ɗaya. Anti Rabi ta ce, “To ya isa, zauna.” Amma yarinyar da aka koya wa kai labari ƙarshe ba ta tsayawa a tsakiya.

“Sai Maman Ummita ta ce don Allah a rufa mata asiri. Sai Anti ta ce kada ki damu, wannan ba komai ba ne, ko 'ya'yan Hajiya Turai bara na cire musu, su ma har da ƙwai.”

Ni kaina na manta na faɗi haka. Na faɗa ne a hankali, don in sanyaya wa matar zuciya, ban tuna da wadda ke zaune a tabarma tana jiran layi ba. Duk surutun da na yi muku yanzu a kan riƙe sirri, ga inda nawa ya tsaya.

Ba wadda ta yi motsi. Jaririya ce kaɗai ta yi atishawa. Hajiya Turai ta dube ni, na dubi sabulun da na kawo.

Ta ce, “Hajo, dama haka kike?”

Na ce, “Hajiya, na faɗa. Ban kyauta ba, ki yafe ni.”

Tsohuwar nan ce ta cece ni. Ta ce, “Ke Turai, rufe mana baki. Ke da kike ƙarama ba da kananzir uwarki ta wanke miki kai ba, kika kwana uku ba mai zama kusa da ke da fitila? Wace ce a nan 'yarta ba ta taɓa yi ba, ta ɗaga hannu mu gani.”

Ba hannun da ya tashi. Sai wata daga baya ta ce nata ma watan jiya ne. Wata ta ce ita gidanta har maigidan. Kafin la'asar, sunan ya koma taron maganin kwarkwata, kowa na faɗin nata, Anti Rabi tana ta rantsuwa kada wadda ta sake sa wa yaro kananzir a kai. Maman Ummita ta buɗe fuska a hankali, da ta ga ba mai kallonta, ta jawo farantinta.

Hajiya Turai ba ta yi mini sallama ba da zan tafi. Amma bayan kwana biyu da sassafe na buɗe zaure na tarar da 'ya'yanta biyar a jere a dakali, kitson salun ya warware, kowace kai kamar sheƙar tsuntsu. Babbar ta ce, “Mama ta ce a yi mana shuku, kuma wai in Fa'iza tana nan kada ki yi magana.”

Makon Sallar nan ban san inda na sa kaina ba. Layi har waje. Ana gobe Salla da hantsi, ina tsakiyar aiki, sai muka ji ƙugin mota, haske ya ɗauke a zaure. Malam Sale ne ya kawo tifa ya toshe lungun gaba ɗaya. Ya sauko riƙe da hannun Ummita, ya tsaya daga bakin ƙofa ya cire hula.

Ya ce, “Maman yara, na zo ba da haƙuri. Wallahi tun da abin nan ya faru kwana arba'in ban runtsa ba.”

Na ce, “Malam Sale, abin ko wata bai cika ba.”

Ya ce, “To ai da na rana nake haɗawa.”

Matan da ke jiran layi da 'ya'yansu suka fara tuntsira a cikin mayafi. Na ce na haƙura, amma da sharaɗi. Na sa aka fitar da kujera bakin ƙofa, na zaunar da Ummita, na ce shi ya tsuguna a gabanta ya riƙe mata haɓa har in gama, ya ga abin da nake fama da shi. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya ce wannan ai ba aiki ba ne ga mutumin da ke riƙe sitiyarin tifa.

Na sa kibiya na ce, “Ummita, yau wane labari za ki ba mu?”

Ta ce, “Na ranar da Baba ya tafi da ni ɗaukar yashi.”

Malam Sale ya washe baki, ya ce, “Yauwa 'yar albarka, gaya musu.”

Ta yi gyaran murya. “Muna tsaye lafiya lau ana loda mota. Baba ya ce bari ya zaga bayan wata gona. Wallahi kafin in juya,” na ɗaga hannuwana sama, shi bai san dokar ba, ta kai masa karo a hanci, “sai ga Baba a guje, riƙe da wando! Bayansa talotalo, ƙato, kamar ɗan maraƙi! Baba yana cewa wayyo Inna, wayyo Inna! Takalminsa ɗaya ya cire, bai tsaya ba. Ya haye bodi ya kwanta a kan yashi. Masu lodi suka yi ta dariya. Sai wata 'yar tsohuwa ta zo ta kori talotalon da tsintsiya. Baba bai sauko ba sai da ta rantse ta kulle shi.”

Zaure ya kaure, har masu wucewa suka tsaya. Malam Sale ya saki haɓar, hannu ɗaya a kan hanci, idonsa na hawaye.

Ya ce, “Kai, Ummita! Ki ji tsoron Allah, ba haka aka yi ba!”

Ta ce, “Baba ba ka gudu ba?”

Ya ce, “Gudu kam na yi, wa ya ce ban yi ba? Amma wane irin ɗan maraƙi? Talotalon nan da ƙafa ɗaya ya taka mini bodi ya lotsa. A gaban mutane za ki rage mini shi?”